Yawan Ɗakuna Ba Shi Ne Darajar Gida Ba

Duk wanda ya taɓa halartar cinikin gida a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, ya san tambayoyi biyun da akan fara da su: ɗaki nawa ne a ciki, kuma ginin siminti ne ko na ƙasa? Da an sami amsa sai dillali ya gyara zama ya ce ai gidan wane mai ɗaki kaza, bara kaza aka sayar da shi, saboda haka wannan ma kuɗinsa ke nan. Mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a ja a sassauta, a sallama, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Mu a namu ganin, wannan awo ne da mudun da bai cika ba, kuma lokaci ya yi da hukuma da jama'a za su dube shi da idon basira, gama waɗanda ake tauye wa haƙƙi da shi galibi su ne marasa bakin magana.

Kwatanta gida da gida ba laifi ba ne. Hasali ma ita ce hanya ta farko daga cikin manyan hanyoyi uku da ƙwararrun masu ƙimanta gidaje suke bi. Ta biyu ita ce a lissafa abin da za a kashe idan za a sake gina irin gidan a yau, sannan a cire ragin tsufa da lalacewa. Ta uku kuwa ita ce a dubi kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa a shekara. To, amma hanyar kwatantawa tana da sharaɗi, watau sai abubuwan da ake kwatantawa sun yi kama da juna, inda suka bambanta kuma a ƙara ko a rage gwargwadon bambancin. Ko a kasuwar kara babu mai sayen saniya don kawai an ce masa 'yar shekara huɗu ce. Sai ya zagaya ta, ya duba haƙori da kofato da tafiya. Abin mamaki ne a ce gida, wanda mutum kan tara gumin shekara ashirin kafin ya mallaka, shi ne ake saye da ƙidayar ƙofofi.

Bambanci na farko shi ne na wuri, kuma ƙananan hukumomin nan biyu sun isa misali. Tambuwal tsohon gari ne, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Kebbe kuwa tana can ƙarshen kudancin jiha, tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi. Bisa ga ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Tambuwal tana da mutum 224,931 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 1,717, ita kuwa Kebbe tana da mutum 124,658 a murabba'in kilomita 2,618. Ke nan a Tambuwal wajen mutum 130 ne a kowane murabba'in kilomita, a Kebbe kuwa ba su cika 50 ba. Inda jama'a suka yi yawa, motoci kuma suna wucewa dare da rana, gidan da aka tsara shi da shaguna biyu a gaba yana ciyar da mai shi. A ɗauki wannan tsarin a kai shi wani lungu a Kuchi ko Margai, sai shagunan su zama ɗakin ajiyar kara, alhali abin da manomin wurin yake nema shi ne filin rumbu da turken dabbobi. Tsari ɗaya ne, amma darajarsa ta bambanta, domin buƙatar masu zama ta bambanta.

Bambanci na biyu, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne yadda aka shimfiɗa gidan a kan filinsa. Kakanninmu ba da ka suka tsara gida ba. Zaure yana bakin hanya, nan baƙo zai tsaya, nan almajirai za su yi karatu, nan mai sana'a zai yi ɗinki ko saƙa. Daga nan sai ƙofar gida inda samari da baƙi suke kwana, sai shigifa, sannan cikin gida inda mata suke da ɗakunansu da madafa da rijiya, ga turakar maigida a inda zai san shige da fice. Ba a jera ƙofofin a saiti ɗaya, domin kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Ita kuwa tsakar gidan, a nan ake daka da shanya da wanki da renon yara, a nan ake taron suna da biki, a nan kuma ake kwana idan bazara ta yi tsanani. Wanda bai ƙidaya ta cikin kuɗin gida ba ya manta da ɗakin da ya fi kowane ɗaki aiki.

A ɗauka ga gidaje biyu a unguwa ɗaya, kowanne a kan fili mai ƙafa 50 a 100. Na farko an cika shi da ɗaki takwas, an bar wani siririn lungu a tsakiya, babu zaure, ƙofar waje tana kallon madafa, masai kuma yana dab da rijiya. Na biyu ɗaki biyar ne da zaure, da tsakar gida mai bishiyar darbejiya, da sauran fili inda ɗa zai gina ɗakinsa in ya tashi aure. A lissafin dillali na farkon ya fi tsada da kuɗin ɗaki uku. Amma a tambayi matar da za ta zauna ciki, ko magidancin da yake da mata biyu da tsohuwa, za a ji wata amsa dabam. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, saboda haka mai sayen gida na farko ya sayi rijiyar da bai kamata a sha ruwanta ba, ya kuma biya kuɗinta cif.

Sai batun zafi. Sanin kowa ne cewa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe zafin rana ta hana shi shiga ɗaki da wuri, rufin soro na azara ma haka. Ɗakin bulo inci shida mai gajeren tsawo, wanda aka rufe da kwano babu silin, aka kuma yi masa taga ɗaya tana kallon yamma, tanderu ne daga azahar har tsakar dare. Mai irin wannan ɗaki ko dai ya dawwama cikin sayen man janareta da batir, ko kuwa ya kwashe iyali su kwana a waje, kuma duka biyun kuɗi ne da haɗari waɗanda ba a rubuta su a takardar ciniki. Bugu da ƙari, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana cikin abubuwan da suke taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, cutar da ta hallaka fiye da mutum 1,000 a ƙasar nan a annobar 2017, wadda Sakkwato tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Tagogi biyu masu kallon juna, da rufi mai tsawo, da baranda mai inuwa, ba su ƙara ko ɗaki ɗaya a ƙidaya, amma suna ƙara lafiyar masu gida.

Haka nan kuma batun ruwa. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na da suke ba katangar gabas kulawa ta musamman da yaɓe da makuba, suke kuma fitar da indararo nesa da jikin gini. Gidan da daɓensa ya yi ƙasa da titi, ko aka gina shi a bakin fadama ko kan hanyar ruwa, ko tsakar gidansa ba ta da magudana, kowace damina sai ya ci kuɗin mai shi. Mafi yawan cinikin gidaje kuwa da rani ake yi, bayan an sayar da amfanin gona, lokacin da ƙasa ta bushe fenti kuma yana sheƙi. Mai hankali yakan dubi gindin katanga ya ga inda laima ta tsaya bara, ya kuma tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi a watan Agusta.

Ba mu ce ginin ƙasa ya fi na siminti a kowane hali ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, azarar giginya ta yi wuya, gwanayen magina kuma suna ƙarewa. Abin da muke cewa shi ne kalmar siminti kaɗai ba shaidar inganci ba ce. Masana'antar Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, tana nan kusa da mu, amma duk da haka a watan Fabrairu na 2024 farashin buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da masu masana'antu aka yi matsaya a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Duk sa'ad da siminti ya yi tsada, masu ginin sayarwa sukan ƙara yashi, a buga bulo fiye da kima da buhu ɗaya, a rage rodi, a taƙaita harsashi, sannan a lulluɓe komai da filasta da tayil. Irin wannan gini, tubalin ƙasa mai kyakkyawan kwaɓi ya fi shi nisan kwana. Kada kuma a manta, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi, masallacin garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, shi ma na ƙasa ne, kuma ya ci lambar Aga Khan ta fasahar gini a 1986.

Gwamnati ma ta taɓa koyon wannan darasi da tsada. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan maƙwabciyar Tambuwal, ta ƙaddamar da shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi, 2,000 a kowace jiha a kowace shekara. Niyya ce kyakkyawa, kuma a wasu garuruwa gidajen sun zama manyan unguwanni a yau. Sai dai abin da aka kammala bai kai rabin abin da aka tsara ba, an kuma yi amfani da zane iri ɗaya daga bakin teku har bakin hamada, aka ajiye da yawa daga cikinsu nesa da gari. Wasu sun daɗe babu kowa ciki, waɗanda aka shiga kuwa abu na farko da masu su suka yi shi ne zagaye su da katanga da ƙara ɗakuna, watau sai da suka mai da su gidan da suka sani kafin su zaunu. Abin da aka kashe wajen gini dabam, abin da jama'a suke ganin ya cancanci su biya dabam.

Wani zai ce mene ne na damuwa, tun da ciniki yarda ne, kowa ya sayi abin da ransa yake so. Gaskiya ne, inda mai saye da mai sayarwa duk manya ne masu ido. To, amma akwai wurare biyu da ake yanke wa gida kuɗi ba tare da mai haƙƙi yana da ta cewa ba. Na farko shi ne rabon gado. Gidan da yake da faɗi da hanyar fita biyu ana iya tsaga shi kowa ya ja katangarsa. Wanda aka cushe shi da ƙofa ɗaya kuwa ba ya tsaguwa, ala tilas sai an yi masa ƙima, wani magaji ya biya sauran. Alal misali, a ce gida ya cancanci Naira miliyan 8, amma aka ƙidaya ɗakunansa kawai aka yi masa kuɗi miliyan 6. Tumunin matar mamaci ya faɗo daga miliyan 1 zuwa Naira 750,000, kason kowace 'ya mace da kowane maraya ya ragu da rubu'i, ragin kuma ya tafi aljihun wanda yake da ƙarfin saye, wanda sau da yawa shi ne ya kawo dillalin. Alƙali ya raba daidai yadda Allah ya ce, amma an riga an yi zalunci tun a wurin awo.

Wuri na biyu shi ne biyan diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna, sashe na 29 kuma ya tanadi cewa idan an karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar gini ita ce kuɗin sake gina irinsa bayan an cire ragin tsufa. Idan ma'aikacin da aka turo ya saba da lissafin bulo da kwano kaɗai, to zaure mai bakan gizo, da rumbu, da rijiya, da katangar tubali, sai su tashi a kusan banza a takardarsa, alhali mai gidan ba zai iya mayar da su da abin da aka ba shi ba. Ita wannan doka ta kuma ce ba a sayar da haƙƙin mallaka sai da yardar Gwamna a inda aka ayyana birni, ko amincewar ƙaramar hukuma a karkara. Saboda haka gida mai cikakkiyar takarda da wanda shaidarsa ita ce "kowa ya sani" ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da magini ɗaya ne ya gina su a shekara ɗaya.

Ba mu da nufin ɓata sunan dillalai. Da yawansu sun san tarihin kowane gida a unguwa fiye da kowane ofis, kuma da bakinsu ake kashe rigingimu masu yawa. Amma la'ada tana bin farashi da saurin ciniki, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Haka kuma mun san zamani yana sauyawa. Matashin ma'aikaci a yau yana son falo da makewayi a cikin ɗaki da wurin ajiye mota, matsalar tsaro da ta taɓa wasu ƙauyukan yankin kuma ta sa doguwar katanga da ƙyauren ƙarfe sun ƙara daraja. Duk wannan halal ne a saka shi a sikeli. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauko zanen gidan Abuja mai ƙatuwar taga ta gilashi da dogon rufin kwalliya a dasa a Sanyinna ko Jabo, a yi masa kuɗin Abuja, sannan a mai da shi ma'aunin da za a rage wa gidan talaka daraja da shi.

Saboda haka muna kira, da farko, ga majalisun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da su buɗe littafin rajistar cinikin gidaje tare da haɗin kan hakimai da masu unguwanni. A riƙa rubuta girman fili, da irin gini da rufi, da shekarunsa, da ko akwai zaure da tsakar gida da rijiya, da irin takardarsa, da kuɗin da aka sallama. Wannan aiki bai fi ƙarfin magatakarda ɗaya da littafi ɗaya ba, amma cikin 'yan shekaru zai ba alƙali da magaji da mai saye abin dogaro wanda ya fi "an ce". Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a mai da shi wata sabuwar ƙofar haraji, domin ranar da aka yi haka, ranar jama'a za su fara ɓoye gaskiyar farashi.

Na biyu, muna roƙon kotunan shari'a da kada su karɓi ƙimar gidan gado daga bakin mutum ɗaya. A tura aƙalla dillali da magini da wakilin mata da marayu su shiga gidan da ƙafarsu, su rubuta dalilin kowace Naira da suka ƙara ko suka rage. Idan dukiyar tana da yawa a nemi ƙwararren mai ƙima, tun da akwai hukumar rajistarsu da aka kafa da Doka ta 24 ta 1975. Malamanmu kuma su riƙa tunatar da jama'a cewa ɓoye aibin abin sayarwa haram ne, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da haƙƙi a kan wanda ya ɓoye masa aibi.

Na uku, Ma'aikatar Filaye da Gidaje ta jiha ta duba jadawalin da take biyan diyya da shi, ta tabbata ya san zaure da soro da rumbu da rijiya da kuɗinsu na yau. Duk lokacin da za a gina rukunin gidaje a hedkwatar wata ƙaramar hukuma kuma, a zauna da magina da matan garin tun kafin a zana, kada a maimaita kuskuren 1980. Makarantun fasaha na Sakkwato da Birnin Kebbi su ma suna da rawar takawa, ta hanyar fitar da zane mai sauƙi wanda ya haɗa sirrin gidan gargajiya da ƙarfin kayan zamani, wanda birkila na ƙauye zai iya karantawa.

Daga ƙarshe, kai mai niyyar saye, musamman ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama yake shirin zuba shi a gida ɗaya tak, kada gaggawar dillali ta ɗebe ka. Shiga gidan da ƙarfe biyu na rana ka ji zafinsa. Koma bayan an ɗauke ruwan sama ka ga inda ya kwanta. Tafi da magini ya ƙwanƙwasa bulo ya leƙa cikin silin. Tafi da uwargida, gama ita ce za ta wuni a ciki, kuma za ta ga abin da ba ka gani ba. Nemi takarda ka kai ofis a tabbatar maka da ita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, jinkirin mako biyu kuma ya fi nadamar shekara ashirin. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari, ya kuma tsare mu da cin haƙƙin maraya. Amin.